Golmon Sakan Uku

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Yau na yi wayo, kuma tun da ba mai yaba mini, bari in yabi kaina a nan.

Bayan sujada Francis ya zo gida da kawunsa Aaron. Francis shi ne dogon nan mai tabarau da ke rako ɗiyata Beatrice daga coci wata biyar ke nan, kamar ba ta san hanyar gidan ubanta ba. A barikin Kaduna aka haife shi, kwamfuta ya karanta, yarenmu kuwa gaisuwa kawai ya iya, ita ma sai ya karya mata ƙafa. Suka same ni da Alhaji Muhammad Sani, shugaban ƙungiyarmu ta manoma, muna shan iska a gindin mangwaro. Aaron ya yi ta kewaye-kewaye har ya iso: wai sun ga abu mai kyau a gidana.

Na ce madalla, amma mu nan ba a ɗaukar ɗiya sai an yi golmo. Ni shekara bakwai na yi ina noma gonar surukina kafin a ba ni Margaret. Ita takan ce biyar ne, biyun a inuwa na yi su. Francis ya ce a nuna masa gonar. Na ce gonar Bena ba ta shiguwa yanzu saboda 'yan bindiga, kowa ya sani. Wadda ta rage mini tana cikin kwamfutar ofis: sunayen manoman da za a raba wa iri, dubu talatin da shida da ɗari huɗu. Bara matasa suka bi ƙauyuka suka rubuta su a waya, aka tara fayil ashirin da uku. Ni nake buga su a takarda in riƙa kwafewa cikin rumbun bayanai, layi bayan layi. Tun Janairu na shigar da dubu shida da ɗari ɗaya.

Na ce, "Ga gonarka. Ranar da layin ƙarshe ya shiga, ka turo manyanka."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Mun jiya, Sakatare, mu ne shaidu." Aaron ma ya ce ya ji.

Ni da na yi shekara talatin ina dukan tafireta, ɗari da goma nake yi a rana. Ka cire Lahadi, ka cire ranar da ba wuta, ka cire ranar da ido ya ƙi. Shekara ɗaya da rabi, in ya yi ƙoƙari. Aji biyu na tsaya a sakandare, amma wannan lissafin ko farfesa albarka.

Beatrice ba ta yi dariya ba. Murmushi ta yi, irin wanda ban so ba.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 1 na rana

Ɗan golmona ya zo aiki da farar riga. Na miƙa masa takardu, ya ce, "Baba, fayil ɗin kansu nake so, ba takardar ba." Baba tun yanzu. Ya kwashe su a laftop ɗinsa, ya ce zai fara gwadawa a kwafi, ba zai taɓa na ofis ba sai da izinina. Na ce gwada, ɗana, gwaji ba ya kashe kowa.

Beatrice ta kawo abinci daga shagon ɗinkinta. Kwano biyu. Na leƙa nasa. Nama uku. Nawa biyu da ƙashi.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Minti takwas da rabi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe 6 na safe

Jiya ban iya rubuta sauran ba. Ga shi.

Ya kira ni, ya ce in zo in gani. Ya rubuta wani abu da bai kai wasiƙar neman aiki tsawo ba, ya danna, sai lamba ta fara gudu a allon kamar mitar gidan mai. Beatrice na riƙe da waya tana duba lokaci. Dubu talatin da ɗari uku da suka rage suka shige kwafin kaf, ni ko shayina ban shanye ba. Layi sittin a sakan guda. Ni sittin ɗin nan tun safe nake fara su sai ladan ya kira azahar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ɓata fuska. Wai abin ya yi nawa, bai yi sauri ba. Ya ce kowane layi in ya shiga sai na'urar ta tsaya ta rubuta shi a faifai, ta buga hatimi cewa ya zauna, sannan ta karɓi na gaba. Na ce to ai haka mutum mai tarbiyya ke aiki. Ya ce, "Baba, kamar a ce kana kai dawa rumbu zangarniya ɗaya-ɗaya, kowace ka buɗe, ka sa, ka liƙe baki. Me zai hana a ɗaure dami?"

Wanda bai taɓa ɗaure dami ba yake koya mini dami. Beatrice ta ce, "Kai, Baba, ka ji misali!" Shekara ashirin da shida ina yi mata misalai, ban taɓa samun "kai" ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Ya ɗaure damin. Dubu-dubu, hatimi ɗaya ga kowane dami. Sakan goma sha huɗu. Ta yi tafi.

Na ce zan je in duba janareto. Lafiyar janareto ƙalau.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe

Rumbun gaske ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri, kalmar kuwa a wurin sakatare take. Sakatare kuwa ni ne. Na tashi da waƙa a bakina.

Litinin, ƙarfe 3 na yamma

Ya ce ya shirya. Na dafa goshi, na rufe ido, na ce wayyo tsufa, kalmar ta gudu. Ya ce amma ai da safe na shiga. Na ce da safe yatsuna ne suka tuna, yanzu kai yake tambaya, kan kuwa ba komai a ciki, a tambayi malamaina. Ya yi dariya, ya ce ba gaggawa, Baba.

Wannan "ba gaggawa" ta fi zagi ciwo. Da ya yi fushi da na samu abin riƙewa.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 12 na rana

Ɗari da ashirin da biyu jiya. Ban taɓa kai haka ba. Na faɗa a gida, Beatrice ta ce sannu, Baba, kamar yadda ake ce wa mai tari.

Shi kuwa tun da na hana shi ƙofa, sai ya zauna yana wasa da kwafinsa. Yau wai ya gano abin da ke ja masa baya: fihirisa. Rumbun yana da jerin da yake neman suna da shi, na ƙauye daban, na lambar waya daban, duk layin da ya shiga sai an gyara jerin nan duka. Sai ya ajiye su gefe, ya zuba sunayen kai tsaye, daga baya ya sake gina jerin sau ɗaya. Sakan uku.

Na ce daga sha huɗu zuwa uku, me za ka yi da sha ɗayan da ka samu? Noma? Ya ce, "Daɗi ne kawai, Baba." Na gane wannan daɗin. Na san shi ranar da na fara buga shafi guda ba kuskure, a ofishin da yanzu awaki ke kwana. Ban gaya masa ba.

Lahadin Ista, 20 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Matan zumuntar coci sun zo gaisuwa da shinkafa, sanye da zanensu iri ɗaya. Ba su zauna a kujerar bakin ƙofa ba, sun san ta Margaret ce. Ɗaya ta ce Ista ta biyu ke nan babu ita, na ce shinkafar ta yi gishiri, aka yi dariya, magana ta wuce.

Da suka tafi na ƙirga. Gidan nan da mu biyar ne. Maza biyu suna soja, ɗaya a Maiduguri, ɗaya inda ba ya faɗa. Sannan abin hanyar Bena da ya raba mu da Margaret. Yanzu mu biyu. Biyu a cire ɗaya, ko ɗan aji biyu ya iya.

Beatrice ta tafi gidan Aaron kai musu abinci. Ta ce ba za ta daɗe ba. Awa uku da minti goma.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 10 na safe

Na samo dabara. Abin da aka yi da sauri dole a samu ɓarna a ciki. Na ce ya buga mini kwafinsa a takarda, zan bi layi-layi da biro. In na kama kuskure ko ɗaya ne, golmo ya koma farko. Ya ce ya yarda. Komai ya yarda. Mutum ne ko katifa?

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Shafi tamanin. Babu.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Babu. Ido kamar an zuba barkono.

Alhaji ya leƙo, ya ce masu ba da iri sun bugo waya. Ba za su ƙara yarda a raba gunduma-gunduma yadda muka tsara ba, jerin duka suke so a rumbu kafin goma ga Mayu, in ba haka ba motar ta wuce wani wuri. Ya ce, "Sakatare, mi ya hwaru da kalmar nan taka? Ka sha magani ko ta dawo." Na ce ina shan zogale. Bai yi dariya sosai ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe 1 na rana

Na kama! Shafi na ɗari da sha ɗaya, wani mutumin Sakaba, lambar wayarsa a kwafin Francis ta bambanta da wadda ke rumbun ofis. Na zagaye ta da jan biro har takarda ta huje. Na aika a kira Beatrice ta zo ta gani da idonta.

Asabar, ƙarfe 3 na yamma

Allah ya taimake ni ba ta samu zuwa ba, tana da ɗinkin biki.

Kafin ya dawo daga cin abinci na ɗauko fayil na asali don in ƙara masa gishiri. Tasa ce daidai. Tawa ce ba daidai ba. Shafin yana cikin dubu shidan da na shigar da hannuna. Na ci gaba da dubawa, gumi na ɗiga a takarda. Wani na ba shi shekara ɗari biyu da huɗu. Wata mata na mai da ita namiji. Ƙauye guda na kwashe shi na kai Kanya, ko kuɗin mota ban ba su ba.

Da ya shigo na ce, nawa ne? Ya gane. Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce ɗari biyu da sha bakwai, amma a dubu shida wannan ba komai ba ne, hannu ne, kowa zai yi. Ya gyara su a kwafinsa tun makon farko. Na ce ka gaya mata? Ya ce, "Me zan gaya mata, Baba?"

Ya fi ni sauri, na haƙura. Yanzu kuma ya fi ni kirki. Wannan fa ba a cikin sharaɗi yake ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe 6 na safe

Hadari ta gabas. Bai zubo ba. Na ji daɗi, sannan na ji kunyar jin daɗin. Manomi ɗan manomi yana roƙon ruwa ya dakata.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Wata mata ta zo, Fadima, mutuniyar wajen Kanya, yanzu tana zaune a ɗakin ajiyar ƙaninta a nan Zuru da 'ya'ya huɗu. An ba ta aron fili a bayan gari. Ta ce an ce sai mai suna a kwamfuta za a ba iri, a duba mata.

Na duba. Tana fayil na sha tara. Ni ina na biyar. Da tafiyata, Istar baɗi za ta shiga.

Na ce zauna, Hajiya, yanzu za ki ga aiki. Na tsallake layi na shigar da ita da hannuna, minti uku cif, na juya mata allon. Ba ta iya karatu ba amma ta sa yatsa a kan sunan, ta yi ta sa mini albarka, har da iyayena. Na saci kallon Francis ko ya ji. Shi wa ya taɓa sa wa sakan ukunsa albarka?

Juma'a, 2 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Fadima ta ba da labari. Mata arba'in da wani abu a ƙofar ofis tun safe, wasu da goyo, rana kamar ta fasa kai. Na yi talatin da ɗaya wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi, yau da gaske. Sauran suka tafi. Wata tsohuwa ta ce daga Dirin Daji ta taso, ta tambaya ko gobe in ta zo da asuba za ta samu.

Francis yana zaune da laftop a cinya, batir cike, sunanta na ciki. Ya tashi ya sayo mata ruwan leda.

Ban ci tuwon rana ba. Na ce ciki ne.

Lahadi, 4 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Fasto ya yi wa'azi a kan Fir'auna. Ban san wa ya kai masa rahotona ba.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 6 da rabi na safe

Ruwa ya sauka jiya da la'asar, mai yawa, har kwata ta cika. Ƙanshin ƙasa ya shigo ɗaki. Da can war haka Margaret takan fito da buhunan iri ta shanya, tana yi mini tsiyar cewa na fi iya noma da baki.

Ina tsaye a baranda Beatrice ta zo ta tsaya kusa da ni. Na fara ba ta labarin kalmar sirri da ta tafi ganin gida ba ta dawo ba. Ta ce, "Baba, bari."

Na bari.

Ta ce, "Ka manta wa ya zaɓa maka kalmar? Ranar da aka kawo kwamfutar ka ce in sa maka abin da ba za ka manta ba. Tana kaina tun Janairu."

Na ce to me ya hana ki ba shi?

Ta ce, "Ya tambaye ni sau ɗaya, na ce ta ubana ce. Bai sake ba. Ni ba ta taga zan fita gidan nan ba, Baba. In ka ce shekara bakwai, zan zauna, shi ma zai jira. Amma matan nan fa ba su ce suna son kowa ba. Iri suke so."

Na ce gidan Aaron da nisa. Ta ce minti goma sha biyu ne a ƙafa, ta auna. Na ce wa zai riƙa yi mini dariya in na yi barkwanci? Ta ce, "Ai da ma ba don daɗinsa nake yi ba." Muka yi dariya mu biyu, ta gaske, sannan ta shiga ciki da sauri wai ta bar wake a wuta. Ba a dafa wake jiya ba.

Mako uku ina gadin ƙofa da sanda, ashe mabuɗi na aljihun wadda nake tsarewa.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Na sa rigar coci. Na aika a kira Alhaji da Aaron, tun da su suka ji farko su ga ƙarshe. Na zauna, yatsuna suka tuna kalmar, Alhaji ya ce lalle zogale magani ne. Francis ya haɗa abinsa, ya ce ya ajiye kwafin rumbun gefe ko da wani abu zai faru, sannan ya ja baya, ya ce, "Baba, kai za ka danna."

Na shirya jawabi tun asuba. Zan ce wani abu a kan ɗiya, da yadda ake riƙon ta, da wadda ta haife ta. Na yi niyyar in danna, in miƙe, in yi maganar lamba na gudu a bayana kamar a talabijin.

Na danna. Na dafa tebur zan tashi, gwiwa ta ɗan riƙe. Kafin in miƙe Beatrice ta ce, "Ya gama."

Dubu talatin da shida da ɗari huɗu. Ban ma gani ba. Ina tsaye baki buɗe, jawabi ya bi ruwa. Kowa na kallona. Na ce wa Aaron, "To. Ku zo ran Asabar ta sama. Kada ku zo da yunwa, ba mu da nama uku-uku."

Alhaji ya rungume ni, ya ce a kunne, "Ka yi ƙoƙari, Solomon." Shekara ashirin bai kira ni da sunana ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 8 na safe

Na zo ofis bakwai daidai. Na share tebur. Na sake sharewa.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Motar iri za ta zo Litinin.

Da hantsi wasu mutane suka iso daga wajen Sakaba, gida goma sha takwas, da tabarmi da tukwane a ka. Ba su faɗi abin da ya taso su ba, ba mu tambaya ba. Ba sa cikin kowane fayil, sai dai a tambayi mutum a rubuta da hannu. Alhaji ya ce a yi maza kafin a rufe jerin. Muka raba, tara nawa a kwamfutar ofis, tara na Francis a laftop.

Ashe gwanin da yatsa huɗu yake bugu. Sunayenmu kuwa suka tsaya masa a wuya, tsoho ya faɗa sau uku yana cewa a maimaita, har tsohon ya tambaye shi ɗan wane gari ne. Ni ko kallon allo ban yi ba. Ina tambaya, ina bugawa, ina tsokanar matan har wata da ta shigo da jan ido ta yi dariya. Na gama tarana yana kan na huɗu.

Na jingina da kujera, na yi gyaran murya, na waiga.

Beatrice ta ja benci kusa da shi, kanta dab da kafaɗarsa, tana faɗa masa harafi ɗaya-ɗaya, yana kuskurewa, tana dukan hannunsa. Wayar tana cikin jaka.

Na fi shi sauri yau, ninki biyu har da ɗori. Ba wanda ya duba lokaci.